Ɗaga hannu a zaɓen fidda gwani: goyon bayan manya na kawo ƙuri'a kuwa?

Ranar 22 ga Mayun 2025 gwamnonin APC suka taru a Abuja suka ce Bola Tinubu ne ɗan takararsu tilo a 2027, tun zaɓe na da sauran fiye da shekara ɗaya da rabi. Daga nan ɗaga hannu ya zama ruwan dare a jam'iyyu duka. Yau ƙungiyar matasa ta kira 'yan jarida ta ce ta mara wa wane baya, gobe dattawan yanki su fitar da takarda, jibi shugabannin jam'iyya na ƙananan hukumomi su jeru a bayan gwamna a ɗauki hoto. A majalisun hira na nan Jos, daga Bauchi Road zuwa Gangare, ra'ayi ya rabu biyu. Wasu na cewa tunda manya sun yi magana an gama. Wasu na cewa duk burga ce, ranar ƙuri'a kowa zuciyarsa zai bi.

Abin da ya faru a zaɓukan fidda gwani na baya ya nuna cewa kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma a wuri daban. Nauyin goyon baya yana rataye ne a kan abu biyu: su wa za su kaɗa ƙuri'ar, kuma me ke hannun mutumin da ya ɗaga hannun.

Su wa ke zaɓe a fidda gwani?

Tsarin mulkin 1999 bai ba da damar tsayawa takara ba tare da jam'iyya ba. Duk wanda aka gani a takardar ƙuri'a ranar babban zaɓe, jam'iyya ce ta kawo shi, kuma ta hanyar zaɓen fidda gwani ta kawo shi. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda da ita aka fitar da 'yan takarar 2023, ta tanadi hanya uku a sashe na 84. Akwai 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke da ƙuri'a, sau da yawa ta hanyar bin layi, ƙato bayan ƙato. Akwai zaɓen daliget, inda wakilai ƙalilan ke zaɓa a madadin sauran. Sai maslaha, inda 'yan takara ke janye wa mutum ɗaya, kuma dokar ta ce sai kowane ɗan takarar da aka tantance ya sa hannu a rubuce cewa ya yarda.

Wani ƙaramin sakin layi a cikin wannan sashe ya sauya lissafi ƙwarai a 2022. Sashe na 84(8) ya ce daliget ɗin da aka zaɓa ne kaɗai za su kaɗa ƙuri'a. Shugaban ƙasa, gwamnoni, 'yan majalisa da tsofaffin masu muƙami, waɗanda a da muƙaminsu ke ba su ƙuri'a kai tsaye, duk suka koma 'yan kallo. Majalisar tarayya ta yi sauri ta gyara sashen a watan Mayun 2022, amma Shugaba Buhari bai sa wa gyaran hannu ba.

Sakamakon haka, APC ta fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa da daliget uku daga kowace ƙaramar hukuma, wato kimanin 2,322 a ƙasar da mutum sama da miliyan 93 suka yi rajistar zaɓe. Filato mai ƙananan hukumomi 17 na da 51, Kano mai 44 na da 132. PDP kuwa daliget ɗaya ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, da ƙarin wakilan masu buƙata ta musamman, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai 800 ba. Idan masu zaɓe na jiha guda za su cika bas uku ko huɗu kawai, tambayar ba ta tsaya a kan ko sun ji maganar gwamna a rediyo ba. Gwamna ya san sunayensu ɗaya bayan ɗaya, galibi ma da saninsa aka rubuta jerin sunayen.

Dare biyu a Abuja

Babu wurin da ya fi Abuja ta 2022 nuna bambanci tsakanin goyon bayan da ke da nauyi da wanda ba shi da shi, domin cikin kwana goma aka ga iri biyun.

A watan Afrilu, Farfesa Ango Abdullahi na Ƙungiyar Dattawan Arewa ya sanar da cewa an tsayar da Bukola Saraki da Bala Mohammed a matsayin 'yan takarar maslaha na Arewa a PDP. Gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Tambuwal, wanda da shi aka fara neman maslahar, ya ce bai amince ba. Atiku Abubakar dama bai shiga ba. Ranar 28 ga Mayu aka hallara a filin wasa na Moshood Abiola. Bayan 'yan takara sun yi jawabansu, Tambuwal ya sake komawa kan mumbari ya ce ya janye, ya nemi magoya bayansa su zaɓi Atiku. Da aka ƙirga, Atiku na da 371, Nyesom Wike 237, Saraki 70, Bala Mohammed 20. Mutum biyun da dattawa suka tsayar, ko an haɗa ƙuri'unsu ba su kai 100 ba.

An yi ta cewa janyewar Tambuwal ce ta ba Atiku nasara, Wike ma ya yi ƙorafin yadda aka bar shi ya yi magana sau biyu. Lissafin ya cancanci a tsaya a kansa. Ratar da ke tsakanin Atiku da Wike 134 ce, Sakkwato kuwa ƙananan hukumomi 23 gare ta. Ke nan daliget ɗin jihar Tambuwal kaɗai ba su isa su yi wannan rata ba. Idan janyewar ta yi aiki, ta yi ne a matsayin ishara ga sauran daliget ɗin Arewa da ke tararrabi: ga inda aka karkata, kada ku raba ƙuri'a. Ta kuma zo a daidai lokacin da ba sauran damar mayar da martani, daliget na shirin bin layi.

A APC abin ya fi fitowa fili. Ranar 6 ga Yuni aka ji cewa shugaban jam'iyya na ƙasa, Abdullahi Adamu, ya gabatar da shugaban majalisar dattawa Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha. A takarda, ba a samun goyon bayan da ya fi na shugaban jam'iyya girma in ba na shugaban ƙasa ba. Amma kwana biyu kafin nan gwamnonin APC na Arewa sun riga sun fitar da matsaya cewa mulki ya koma Kudu. Suka nufi fadar shugaban ƙasa, gwamnan Filato na lokacin, Simon Lalong, wanda ke shugabantar ƙungiyar gwamnonin Arewa, ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa Buhari ya ce ba shi da ɗan lele. A dandalin Eagle Square, Godswill Akpabio, Ibikunle Amosun, Kayode Fayemi, Dimeji Bankole da gwamnan Jigawa Badaru Abubakar na cikin waɗanda suka hau mumbari suka janye wa Tinubu. Sakamako: Tinubu 1,271, Rotimi Amaechi 316, mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo 235, Lawan 152.

Shugaban jam'iyya yana da kujera da hatimi, gwamnoni suna da daliget. Su ke biyan kuɗin mota da masauki, su ke riƙe da shugabannin jam'iyya na jiha, kuma jiha-jiha ake kiran daliget su kaɗa ƙuri'a. Daliget ɗin da zai koma gida ya ci gaba da zama ƙarƙashin gwamnansa yana da dalilin da zai sa ya saurare shi fiye da duk wani babba na Abuja.

Jos ta daɗe da ganin irin wannan

Garin nan ya karɓi manyan tarukan fidda gwani biyu da har yau ake ba da misali da su. A watan Maris na 1993 SDP ta yi taronta a Jos. A zagayen farko Moshood Abiola ne kan gaba, Baba Gana Kingibe na biye da shi kurkusa, Atiku na uku. Atiku, wanda ke tsaye da ƙarfin ƙungiyar siyasar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ya janye wa Abiola, Abiola ya lashe zagaye na biyu. A watan Fabrairun 1999 kuma PDP ta yi nata taron a Jos, Olusegun Obasanjo ya samu ƙuri'a 1,658, Alex Ekwueme 521, duk da cewa Ekwueme na cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar, Obasanjo kuwa bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba. Bayansa akwai tsofaffin janar-janar, masu kuɗi, da ragowar mutanen 'Yar'aduwa da ke da wakilai a kusan kowace jiha.

A ɗaya gefen akwai 2010. Kwamitin dattawan Arewa ƙarƙashin Malam Adamu Ciroma ya zaɓi Atiku a kan Ibrahim Babangida, Aliyu Gusau da Saraki, domin Arewa ta tunkari Goodluck Jonathan da mutum ɗaya. Sauran ukun sun mutunta hukuncin, ba su tsaya ba. Amma a Janairun 2011 Jonathan ya samu 2,736, Atiku 805, domin yawancin gwamnonin PDP, har da na Arewa, suna tare da shugaba mai ci. Dattawa sun iya rage yawan 'yan takara, ba su iya juya daliget ba.

'Yar tinƙe tana rage ƙarfin ubangida?

Wannan ita ce hujjar da 'yan majalisar tarayya suka riƙe a 2021, lokacin da suka sa a cikin ƙudirin dokar zaɓe cewa dole kowace jam'iyya ta yi 'yar tinƙe. A ganinsu, gwamna zai iya sarrafa mutum ɗari biyu a ɗakin taro, amma ba zai iya sarrafa dubban 'yan jam'iyya a mazaɓu ba. Gwamnoni da dama sun ƙi, Buhari kuma ya ƙi sa hannu a watan Disambar 2021, yana kafa hujja da tsadar aikin, matsalar tsaro da 'yancin jam'iyyu na zaɓar hanyarsu. Sai da aka mayar da zaɓi uku ya sa hannu a Fabrairun 2022. Ba a rasa son kai a ɓangarorin biyu ba, domin 'yan majalisa da yawa tsoron gwamnoninsu ne ya sa su neman 'yar tinƙe.

Misalin Legas na Oktoban 2018 ya raunana hujjar 'yan majalisar. 'Yar tinƙe aka yi, gwamna mai ci Akinwunmi Ambode ya tsaya, amma jagororin jam'iyya ƙarƙashin Tinubu suka koma bayan Babajide Sanwo-Olu, wanda 'yan watanni kafin nan mutane ƙalilan suka san shi a wajen Legas. Sakamakon da aka bayyana ya ba Sanwo-Olu sama da ƙuri'a 970,000, gwamna kuwa bai kai 73,000 ba. Yawan masu zaɓe bai karya ubangida ba, tunda shugabannin mazaɓu da ke kiran mutane su fito layi nasa ne. Ga kuma batun rajistar 'yan jam'iyya, wadda jam'iyyar ce ke riƙe da ita. A 2018 APC ta ce mutum miliyan 14.8 suka zaɓi Buhari a 'yar tinƙen da ya tsaya shi kaɗai, alhali a babban zaɓen 2019, da 'yan jam'iyya da waɗanda ba 'yan jam'iyya ba, ƙuri'a miliyan 15.2 ya samu. Alƙaluma irin waɗannan ne ke sa masu sukar tsarin cewa a wasu wurare rubuta sakamako ake yi.

A Amurka, inda miliyoyin talakawa ke zaɓen fidda gwani da ƙuri'ar sirri, an fi samun damar auna tasirin kalmar babba ita kaɗai. A 2020 Joe Biden ya faɗi a jihohi uku na farko. Kwana uku kafin zaɓen jihar Karolina ta Kudu, Jim Clyburn, ɗan majalisar da baƙaƙen fatar jihar ke ji da shi, ya mara masa baya. Biden ya ci jihar da sama da kashi 48 cikin ɗari, wasu 'yan takara suka janye masa, tafiyar ta juya. Wasu masana tattalin arziki biyu kuma sun ƙiyasta cewa goyon bayan Oprah Winfrey ya ƙara wa Barack Obama kimanin ƙuri'a miliyan ɗaya a 2008. Amma a shekarar dai Sanata Ted Kennedy ya mara wa Obama baya, Hillary Clinton ta cinye Massachusetts, jihar Kennedy ɗin. A 2016 kuma jiga-jigan jam'iyyar Republican sun juya wa Donald Trump baya, ya ɗauke tikitin.

Abin da ake fahimta daga nan shi ne, a fidda gwani duk 'yan takara alamar jam'iyya ɗaya suke ɗauke da ita, don haka mai zaɓen da bai san su sosai ba yakan nemi wanda ya yarda da shi ya nuna masa hanya. Inda ya riga ya san 'yan takarar kuma ya yanke shawara, kalmar babba ba ta cika motsa shi ba.

Kalma ce ke aiki, ko abin da ke bayanta?

Masu ganin goyon baya na da amfani suna cewa yana rage rabuwar kai, yana rage kashe kuɗi, kuma waɗanda suka yi aiki da ɗan takara shekara da shekaru sun fi mai kallo daga nesa sanin halinsa. A jihohi masu ƙabilu da addinai da yawa irin Filato, zaman manya kan karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyi uku ya sha kwantar da rigimar da ƙuri'a kaɗai ba za ta kwantar ba.

Masu suka kuwa suna kiran abin ɗauki-ɗora. A wajensu, abin da ake kira goyon baya sau da yawa umarni ne da ke tafe da kuɗi, alƙawarin muƙami ko barazanar rasa shi. Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a 2022 naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP, kafin a zo kan hidimar daliget. Jami'an EFCC sun bayyana a wuraren tarukan biyu na Abuja saboda rahotannin rabon daloli. A Kaduna, Sanata Shehu Sani ya faɗa a fili cewa ba zai ba daliget ko sisi ba a takarar gwamna ta PDP, ya tashi da ƙuri'a biyu, duk da ɗimbin mabiyansa a intanet.

Akwai wani abu da ɓangarorin biyu kan manta. Sau da yawa goyon baya bin nasara yake yi, ba shi ke haifar da ita ba. Ɗan siyasa ba ya son a gan shi a layin wanda zai faɗi, don haka yakan jira ya ga inda iska ta kaɗa. Waɗanda suka janye wa Tinubu a Eagle Square sun yi hakan ne bayan matsayar gwamnonin Arewa ta bayyana. Saboda haka idan aka ce duk wanda gwamna ya ɗaga wa hannu ya ci, sai a duba ko gwamnan ya ɗauko wanda ba kowa ba ne ya ɗora shi, ko kuwa ya bi wanda dama ke kan gaba. Na farkon ne kaɗai ke auna ƙarfinsa. Takardun goyon baya na ƙungiyoyin da ake kafawa ana gab da zaɓe kuwa, amfaninsu bai wuce cika kafafen labarai da nuna wa abokan hamayya cewa akwai jama'a ba, tunda yawancin masu sa hannu ba daliget ba ne.

Tikiti daban, kujera daban

Filato ta ga wannan har sau biyu a jere. A 2014 Gwamna Jonah Jang ya mara wa Sanata Gyang Pwajok baya, Pwajok ya samu tikitin PDP. Sai dai shi da Jang duk daga shiyyar Filato ta Arewa suka fito, bayan Jang ya yi shekara takwas. Ƙorafin karya karɓa-karɓa ya raba jam'iyyar, Lalong na APC daga shiyyar Kudu ya ci zaɓen 2015. A 2022 kuma Nentawe Yilwatda, wanda ake kallo a matsayin zaɓin Lalong, ya samu tikitin APC cikin ƙorafin wasu abokan takararsa, Caleb Mutfwang na PDP ya kayar da shi a Maris na 2023. A Kano ma, Salihu Sagir Takai da Malam Ibrahim Shekarau ya tsayar a 2011 ya faɗi a hannun Rabi'u Kwankwaso. A Edo a 2020, APC ta hana Gwamna Godwin Obaseki tikiti bayan rikicinsa da Adams Oshiomhole, ya koma PDP ya ci zaɓe.

Ba kullum ake faɗuwa ba. Abba Kabir Yusuf ya hau kujerar Kano a 2023 da jar hular Kwankwasiyya, Uba Sani ya gaji Nasir El-Rufa'i a Kaduna, Sanwo-Olu ya ci zaɓe sau biyu. A 2015 kalmar “sak” daga bakin Buhari ta kai mutane da yawa majalisa waɗanda masu zaɓe ba su ma san fuskokinsu ba. Bambancin yana ga ko mai ɗaga hannun yana da jama'ar kansa a waje, ko kuwa ikonsa ya tsaya a ofishin jam'iyya. Inda ya tsaya a ofis, waɗanda aka danne kan sauya sheƙa ko su zauna a ciki su yi zagon ƙasa, masu zaɓe kuma su yi shinkafa da wake.

Inda abin ke shafar talaka

Wanda ba ɗan jam'iyya ba yana iya ganin fidda gwani ba ruwansa, amma a mazaɓun da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, ranar fidda gwani ake zaɓen wakilinsa, babban zaɓe tabbatarwa ce kawai.

Rigimar manya kan wanda za a tsayar tana iya cinye ƙuri'ar jama'a ɗungurungum. A Zamfara, ɓangarorin APC sun kasa jituwa a 2018, a watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, ta soke duk nasarorinta a jihar, tun daga gwamna har 'yan majalisa, kujerun suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. A nan Filato, a ƙarshen 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke 'yan majalisar PDP da dama, na jiha da na tarayya, kan batun shugabancin jam'iyyar da ya tsayar da su. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Mutfwang, ta ce batun cikin gida ne na jam'iyya, amma shari'ar 'yan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, don haka kujerunsu ba su dawo ba.

Sai bashin da wanda aka ɗora ke hawa kujera da shi. Wike ne ya tsaya wa Siminalayi Fubara a Ribas, kafin ƙarshen 2023 suka ɓata, majalisar jihar ta dare biyu, a watan Maris na 2025 aka ƙaƙaba dokar ta-ɓaci aka dakatar da gwamna da majalisa na wata shida. El-Rufa'i da Uba Sani ma ba su daɗe ba suka raba gari. A irin wannan rikici kasafin kuɗi, kwangiloli da kuɗin ƙananan hukumomi ne ke fara tsayawa.

Ga ɗan jam'iyyar da ke Unguwar Rogo ko Rikkos, matakin da hannunsa ke iya kaiwa yana can baya, wata da watanni kafin a fara ɗaga hannu a talabijin: lokacin sabunta rajistar 'yan jam'iyya, da ranar zaɓen shugabannin mazaɓa. Waɗanda suka fito daga wannan taro su ne ke tsara layi idan 'yar tinƙe za a yi, daga hannunsu jerin daliget ya riƙa fitowa a zaɓukan wakilai na baya, su kuma ake kira su tabbatar da maslaha idan manya sun daidaita. Galibi taron kan ƙare cikin ɗan lokaci da jerin sunayen da aka riga aka shirya, domin 'yan jam'iyya ƙalilan ne ke halarta, kuma ƙorafin da ba a shigar a lokacin ba da wuya kotu ta saurare shi daga baya, tunda dokar 2022 ɗan takarar da ya shiga zaɓen fidda gwanin ta ba damar ƙalubalantar sakamakonsa.